Yadda Ake Zaɓar Ƙyauren Taga, Labule da Kujerun Kushin, da Yadda Ake Kula da Su

Yawancin mutane sukan sayi kujerun falo yau, su sayi labule wata rana dabam, kamar abubuwan biyu ba su da wata alaƙa sai ta dacewar launi. Alhali kuwa abin da aka rataya a taga shi ne yake yanke wa yadin kujera tsawon kwanansa, domin rana da ƙura da danshi, waɗanda su ne suke cin kayan ɗaki sannu a hankali, akasari ta taga suke shigowa. Saboda haka duk mai son kayansa su daɗe ya fara da tagar, kuma kafin ya je kallon samfuri a wurin masu sayarwa, ya tsaya ya lura da yadda rana take ratsa ɗakin tun daga hantsi har zuwa la'asar sakaliya.

Tagar gabas tana shan rana da safe, lokacin da gari bai ɗau zafi ba tukuna, don haka matsalarta ba ta wuce hasken da ke kashe ido ba. Tagar yamma ita ce mai wuyar sha'ani. Rana tana faɗo mata a kaikaice, ƙasa-ƙasa, a daidai lokacin da bango da rufi suka riga suka tara zafin yini, kuma bakin rufi bai cika tare hasken da ke zuwa ta gefe ba. A ƙasashen da ke can arewacin duniya tagar kudu ce take yini a rana, a kudancin duniya kuwa ta arewa ce, amma ta yamma ba ta raga wa kowa a lokacin zafi.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta tun farko, wanda shi ne yake raba zaɓi mai kyau da na ganin ido. Hasken rana yana ratsa gilashi cikin sauƙi, amma da zarar ya faɗa kan labule ko kujera ko daɓe ya koma zafi, ba ya samun hanyar fita da sauƙin da ya shigo. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 76 cikin ɗari na hasken ranar da ya faɗa kan taga mai gilashi ruɓi biyu yana shiga ɗaki ya zama zafi, kuma ta ce rumfar da aka kafa a saman taga ta waje tana iya rage wannan zafin da abin da ya kai kashi 77 cikin ɗari a tagar yamma. Ma'anar wannan ita ce abin da ya tare rana a wajen gilashi ya fi duk wani labulen ciki amfani wajen sanyaya ɗaki, komai kaurinsa da tsadarsa. Labulen ciki aikinsa shi ne daidaita haske, suturta mutanen gida daga idon waje, da kare kayan ɗaki daga koɗewa.

Ƙyauren taga

Ƙyaure iri biyu ne: na waje, wanda yake fuskantar rana da ruwan sama, da na ciki, mai fallaye da ake karkatawa don a rage ko a ƙara haske. Na katako ya fi kyan gani, ba shi da nauyi sosai, kuma ana iya goge shi da samfefa a sake masa fenti bayan shekaru, amma sharaɗinsa shi ne a yi shi da itacen da ya bushe sarai. Ɗanyen katako yana ci gaba da tsukewa bayan an kafa shi, sai a wayi gari fallayen sun karkace, ƙyauren ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Akwai kuma wanda ake yi da garin itace da aka matse da gam, wato MDF. Wannan yana da santsi kuma yana karɓar fenti da kyau, sai dai ya fi katako nauyi, kuma idan ruwa ya sami kafar shiga ta inda fenti ya ɓare, yakan kumbura kumburin da ba ya saɓewa. Don haka ba a kai shi banɗaki ko kusa da wurin wanke-wanke. Waɗannan wurare na roba ne, irin PVC, ko na alminiyam. Aibin roba shi ne idan fallen ya yi tsawo kuma zafin rana ya dame shi yakan saki jiki ya lanƙwashe a tsakiya, shi ya sa masu inganci ake zura musu ƙarfe a ciki, kuma yana da kyau a tambayi mai sayarwa ko nasa yana da shi.

Faɗin fallaye yakan kama daga milimita 47 zuwa 114, amma an fi amfani da 64 da 76 da 89. Masu faɗi sun fi barin haske da ganin waje idan an buɗe su, kuma da yake ba su da yawa, sharar ƙurarsu ta fi sauƙi. Sai dai falle mai faɗi yana buƙatar sarari a bayansa don ya juya, in ba haka ba zai riƙa dukan hannun taga ko ƙarfen tsaro. A auna zurfin gurbin tagar kafin a yanke shawara.

Game da ƙyauren ƙarfe mai naɗewa sama, wanda ake sa wa tagogi don tsaro da duhunta ɗaki, magana ɗaya ce ta fi muhimmanci: dole ne ya buɗu daga ciki cikin gaggawa, ba tare da neman makulli ba, kuma idan mai aiki da lantarki ne, ya kasance yana da hannun buɗewa na ko-ta-kwana. Gobara takan fara da katse wutar lantarki, kuma tagar ɗakin kwana tana iya zama hanyar tsira ɗaya da ta rage.

Ire-iren labule

Labule mai fallayen kwance shi ne ya fi kowanne ba mutum iko a kan haske. Ya bazu a duniya ne bayan da kamfanin Hunter Douglas ya fara fitar da na alminiyam marar nauyi a 1946, kuma har yanzu na milimita 25 na alminiyam da na milimita 50 na katako ko roba su ne suka fi yawa. Mutane da dama suna da shi amma ba su san yadda ake karkata shi ba. Idan rana ake so a tare, a ɗaga gefen fallen da ke ɓangaren ɗaki sama, gefen da ke ɓangaren gilashi ya yi ƙasa, ta yadda hasken da ke saukowa daga sama zai daki bayan fallen, abin da ya shigo kuma ya nufi silin ya bazu a hankali. Amma a ɗakin da ke saman bene, inda mai leƙe daga ƙasa yake ɗago kai, wannan karkatawar ita ce take buɗe masa hanya, domin idonsa yana bin tsakanin fallayen ne daidai yadda suka kwanta. A can, da dare, sai a juya su ɗaya gefen.

Labulen naɗi, wanda yake naɗewa a jikin bututu, ya fi sauƙin kulawa saboda ba shi da lungunan da ƙura za ta kwanta. Irin da ake yi don tace rana yana zuwa da lambar da ke nuna yawan ƙananan kafofin saƙarsa, yawanci kashi 1 ko 3 ko 5 ko 10 cikin ɗari. Ga tagar yamma da ɗakin da ake aiki da kwamfuta, 1 ko 3 ya fi dacewa, ga tagar da ke cikin inuwa kuwa 10 ba laifi. Launi ma yana da nasa hukunci, wanda ya saɓa wa abin da mutum zai zata: mai duhu ya fi barin a ga waje tar kuma ya fi kashe ƙyallin rana, amma yana tara zafi, fari kuwa yana mayar da zafi waje amma yana dusashe gani. Wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne irin wannan labule da rana kawai yake suturta mutum. Da dare, idan an kunna fitila, al'amarin juyawa yake yi, na waje ya ga na ciki, na ciki bai ga kowa ba. Ɗakin kwana yana buƙatar wanda haske ba ya ratsa shi, ko kuma a haɗa biyun a taga ɗaya.

Mai saƙar zuma, wanda aka yi shi da aljihunan iska jere, ya fi sauran hana zafi ko sanyi ratsawa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce idan an kafa shi ya zauna daram a gurbinsa, yana iya rage zafin da ɗaki ke asara ta taga a lokacin sanyi da kashi 40 cikin ɗari ko fiye, ya kuma rage zafin rana da abin da ya kai kashi 60 a lokacin zafi. A ganina, duk da haka, bai dace da gidan da ake barin tagogi a buɗe cikin ƙura ba, domin ƙura da ƙananan ƙwari suna shiga aljihunan, kuma ba ya jure wanki. Mai fallayen tsaye kuwa na manyan tagogi ne da ƙofofin gilashi, kuma ƙura ba ta zama a kansa sosai.

Labulen yadi da aka saba da shi bai tsufa ba, muddin an yi masa shafi. Shafin shi ne yake shan rana a madadin yadin, kuma sauya shi ya fi sauya labulen gaba ɗaya sauƙi. Fari ko mai haske ya fi, don ya mayar da zafi. Yadin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin sandar, in ba haka ba idan aka ja shi zai tsaya a miƙe ba tare da tattara ba. Auduga da lilin suna tsukewa a wankin farko, don haka ko dai a jiƙa yadin ya bushe kafin a yanka, ko tela ya bar kalmasa mai yalwa da za a iya saki daga baya.

Awo

A nan ne aka fi yin asara, domin abin da aka yanka bisa awon mutum ba ya komawa. A yi amfani da tef na ƙarfe, ba na tela ba, saboda na tela yana miƙewa kuma yana lanƙwasa. Idan a cikin gurbin taga za a kafa labulen, a auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Misali, idan sama ta ba da milimita 1,204, tsakiya 1,198, ƙasa 1,201, to awon tagar 1,198 ne, kuma daga nan ake rage kimanin milimita 10 don labulen ya sauka ba tare da gogar bango ba. Sai a tabbatar wane ne zai yi ragin, mai gida ko masu yankawa, domin yawancinsu su suke ragewa da kansu idan aka ce musu awon gurbi ne, kuma idan aka rage sau biyu za a sami tazarar da haske zai riƙa kutsowa ta gefe. Ga ƙyaure, wanda ba ya lanƙwasa ya bi karkatar bango, a ƙara da auna gurbin daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Idan awon biyu suka bambanta da yawa, tagar ba ta miƙe ba, gara a kafa shi ta wajen gurbin. Wanda za a kafa ta waje kuma a ƙara masa santimita 7 zuwa 10 a kowane gefe. Kowace taga a auna ta ita kaɗai, ko da a ido sun yi kama da juna.

Igiya da yara

Igiya ko sarƙar da ake jan labule da ita ta yi sanadin mutuwar ƙananan yara a ƙasashe da yawa, musamman masu shekara ɗaya zuwa uku, waɗanda suke iya hawa kujera amma ba su iya kuɓutar da kansu idan igiyar ta zarge musu wuya. Abin yana faruwa ne cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma shiru, domin yaron ba ya samun damar yin kuka. Wannan ne ya sa Turai ta tsaurara ƙa'idarta mai lamba EN 13120 a 2014, Amurka kuma, daga ƙarshen 2018, ta koma kan cewa labulen da ake sayarwa a shirye ya zama marar igiya ko mai igiyar da hannun yaro ba zai kai gare ta ba. A gidan da yara suke zaune ko suke kawo ziyara, marar igiya shi ne zaɓi. Idan kuwa mai igiya ne ya riga ya kasance, a kafa maƙali a bango aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a riƙa naɗe igiyar a kai duk lokacin da aka taɓa labulen, sarƙa kuma a ɗaure ta da maƙalin da zai riƙe ta a miƙe. A janye gadon yaro da kujera da duk abin takawa daga gindin taga.

Tsohon labulen roba ma abin lura ne. A 1996 hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta gano cewa wasu labulayen roba masu ƙananan fallaye, waɗanda aka sa wa dalma wajen ƙera su, suna rududdugewa a rana su fitar da ƙura mai gubar dalma, yara su shafa su kai baki. Wanda ya tarar da irin wannan tsohon labule a gidan da ya tare, ya ga yana barin farin gari a yatsa, ya cire shi kawai.

Wajen tsabtace labule da ƙyaure duka, ƙa'idar ita ce a fara da busasshe. Ƙurar da aka taɓa da jiƙaƙƙen tsumma tana komawa taɓo, ta bushe ta bar zane. A rufe fallayen, a share daga sama zuwa ƙasa, a juya su a share ɗaya fuskar, kuma tsohuwar safa da aka zura a hannu ta fi kowane buroshi kama falle gaba da baya a shafa ɗaya. Na alminiyam da na roba ana iya sauke su a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, amma kada akwatin sama, inda na'urar take, ya shiga ruwa don gudun tsatsa. Na katako ba a jiƙa shi ko kaɗan. Kafin a ja labule sama a buɗe fallayen su kwanta, domin jan sa a rufe yana cin igiyar. Hanyar da labule ke gudu a kai, idan ta fara cijewa, a fesa mata man silikon, kada a ɗiga man inji, saboda shi yana kama ƙura ya daskare. Fallayen ƙyaure idan suka fara faɗuwa da kansu, a duba gefen ƙyauren, sau da yawa akwai ɗan sukuru a cikin rami da ake ɗan ɗaurewa kaɗan su dawo daidai.

Kujera: abin da ke ƙarƙashin yadi

Yadi shi ne abin da ido ke gani, amma shi ne na ƙarshe a muhimmanci, domin ana iya sauya shi, ƙashin kujera kuwa idan ya lalace magana ta ƙare. Gwaji mai sauƙi shi ne a kama ƙafar gaba ɗaya ta doguwar kujera a ɗaga ta kimanin santimita 15. Idan ɗaya ƙafar ta gaba ta biyo ta sama, ƙashin yana da ƙarfi, idan kuwa ta tsaya a ƙasa kujerar tana murɗewa, to haɗin ba shi da kirki. A girgiza hannuwan a ji ko suna motsi, a leƙa ƙasa idan da hali a ga ko an ƙarfafa kusurwoyi da guntayen katako da gam da sukuru, ko kuwa ƙananan ƙusoshi kawai aka harba. Sannan a zauna a kowane gurbi, har da can gefe, a saurari ƙarar sifirin.

Soso shi ne inda aka fi yi wa mai saye rufa-ido, domin ba ya ganinsa, kuma sabon soso kowane iri ne yana da daɗin zama. Abin da ke nuna daɗewarsa shi ne nauyinsa gwargwadon girmansa, wanda ake aunawa da kilo a kowace mita mai fuska shida, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Na mazauni ya kamata ya kai 30 ko ya wuce, na jingina kuwa ana iya sassautawa. Tauri wani abu ne dabam: ana samun soso mai tauri marar nauyi wanda zai lotsa cikin shekara guda, ana kuma samun mai laushi mai nauyi da zai yi shekaru yana dawowa. Mai son tabbatarwa yana iya zare soson ya ɗora a sikeli. Wanda yake da santimita 60 a tsawo, 60 a faɗi, 10 a kauri, idan lambarsa 32 ce da gaske, zai yi kilo ɗaya da kusan giram 150. Sai dai a sani cewa wasu masu ƙera soso suna cuɗa shi da garin alli don ya yi nauyi, kuma irin wannan idan aka murza gefensa da yatsa yakan marmashe. Araha dai ba ta ado, amma tsada ita kaɗai ma ba hujja ba ce, lambar ita ce abin tambaya.

Ƙarfin yadi ma yana da ma'auni. Gwajin Martindale, wanda ya samo asali a Ingila a shekarun 1940, yana goga yadi a zagaye har sai zarensa ya fara tsinkewa, a ƙirga yawan gugar. Wanda bai kai 10,000 ba na ado ne, kamar matasan kai. Daga 20,000 zuwa 30,000 ya ishi kujerar da ake zama kullum, gida mai yara da yawan baƙi kuwa ya nemi 30,000 zuwa sama. A Amurka wani gwajin ake yi mai suna Wyzenbeek, kuma lambobin biyu ba a musanya su da juna. Lamba mai yawan gaske, irin 100,000, ba ta ƙara wa kujerar gida wani abin kirki, kuma ba ta cewa komai game da tabo ko koɗewa. Juriyar launi a rana da wani ma'aunin ake gane ta, mai hawa 1 zuwa 8, inda kowane hawa ya kusan ninka na ƙasa da shi. Kujerar da za ta zauna kusa da taga ta nemi 5 zuwa sama.

Auduga da lilin suna da daɗin taɓawa kuma ba su riƙe zafi, amma suna shan tabo suna yamutsewa. Foliyesta da dangoginsa sun fi jure guga da wanki. Siliki rana tana cinye zarensa har ya yage da kansa, bisikos kuma yana rauni idan ya jiƙe, ruwa zalla ma yana bar masa shaida, don haka waɗannan biyu ba na ɗakin da ake hidima ba ne. A nemi ƙyallen samfuri a kai gida, a dube shi da rana da kuma ƙarƙashin fitila, a ɗaga shi a haske a ga ko saƙar ta matsu, sannan a goga masa jiƙaƙƙen farin tsumma a ga ko yana zuba.

Fata kuwa, a ɗiga mata ɗigon ruwa a wani ɓoyayyen wuri. Idan ta shanye wurin ya yi duhu, mai buɗaɗɗiyar fuska ce, kyakkyawa amma mai kama tabo. Idan ɗigon ya tsaya a sama, an rufe fuskarta da launi, kuma ita ta fi dacewa da gida mai jama'a. Wadda ake haɗawa da niƙaƙƙen ragowar fata da roba takan fara saɓulewa bayan 'yan shekaru, kuma ba ta gyaruwa.

Kula da kujera

Ƙura ba datti ba ce kawai, tana ɗauke da ƙananan tsakuwoyi masu kaifi da suke shiga tsakanin zare, duk zaman da aka yi su riƙa yanka shi. Zuƙe ta da inji ko share ta da buroshi mai laushi sau ɗaya a mako, har da lungunan ɗinki, ya fi kowane magani tsawaita ran yadi. A riƙa juya matasan zama ana sauya musu wuri, don kada gurbin da aka fi so ya lotsa shi kaɗai. Ledar da aka naɗo sabuwar kujera da ita a cire ta, domin tana tsare danshi ta jawo fumfuna. A bar 'yar tazara tsakanin kujera da bango don iska ta zaga, kuma inda ake da na'urar auna danshi, a yi ƙoƙari kada ya wuce kashi 60 cikin ɗari.

Kafin ruwa ya taɓa kujera a nemi takardar da ke maƙale a ƙarƙashin matashi. Harafin W yana nufin ana iya amfani da ruwa da sabulu, S yana nufin sai sinadarin wankin da ba ruwa, WS ko wanne, X kuwa shara kawai. Kasancewar zif a jikin rigar matashi ba izinin wanki ba ne, sau da yawa don sauƙin zura soso aka sa shi.

Idan abu ya zube, a ɗauki farin tsumma mai tsabta a danna a ɗaga, a danna a ɗaga, ana sauya wuri a jikin tsumman, daga bakin tabon zuwa tsakiyarsa don kada ya bazu. Dirzawa tana tura shi cikin soso ne, ta kuma tayar da gashin yadi. Jini da madara da ruwan sanyi ake binsu, domin ruwan zafi yana dafa su su kama zare. Maiko a barbaɗa masa hoda ko sitaci, a bar shi ya tsotse na wasu sa'o'i kafin a share. Idan za a sa sabulu, a kaɗa shi a ruwa a ɗebi kumfar kawai, kuma kowane magani a fara gwada shi a bayan kujera a jira ya bushe. Bayan an gama, a ɗan dasa wa dukan fuskar matashin danshi daga ɗinki zuwa ɗinki, in ba haka ba wurin zai bushe ya bar zobe, sannan a kunna fanka a kai. Bilic yana narkar da ulu da siliki, man goge farce yana narkar da yadin asitet, kuma kada a kuskura a haɗa bilic da amoniya ko da ruwan tsami irin binega, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Fata kuma tsumma mai ɗan danshi ya ishe ta, da man fata sau ɗaya ko biyu a shekara, a kuma nisanta ta da rana da abin ɗumama ɗaki.

Soson kujera yana kama wuta da sauri, kuma hayaƙinsa mai guba ne, abin da ya sa Birtaniya ta kafa dokar juriyar wuta ga kayan ɗaki a 1988. Kyandir da sigari da abin turara ɗaki da soket mai zafi ba su da wuri kusa da kujera ko labule.

Idan yadi ya gaji amma ƙashin ya ci gwajin ɗaga ƙafa, sake wa kujera riga ya fi sayen sabuwa mai rauni. A roƙi mai gyaran ya nuna cikin kujerar bayan ya yaye tsohon yadin, don a ga halin sifirin da katako da ido, a kuma amince a kan lambar soson da zai sa kafin ya rufe. Yadin a saye shi gaba ɗaya daga bandir guda, domin rini yakan ɗan bambanta daga bandir zuwa bandir. Mai manyan zane yana cin yadi fiye da marar zane, saboda sai an daidaita zanen a kowane matashi, karan-miski kuma dole a yanka shi gashinsa yana kallon gefe ɗaya, in ba haka ba matashi ɗaya zai fi ɗan'uwansa duhu. Ragowar ƙyallen da ya saura a karɓe shi, a ɗinka wa hannuwan kujera da majinginar kai ƙananan riguna da ake cirewa a wanke, tun da nan ne gumi da man gashi suke fara taruwa, a kuma ajiye guntu ɗaya don gwajin maganin tabo.